Faifai Mai Nauyin Barci

Ka ce manhajarka ta ƙi haɗuwa, har ka ɗaga hannu za ka goge komai. Sauke hannun tukuna, malam, ka ji wani misali.

A wata makarantar koyon kwamfuta akwai wata mata da ke kula da babbar na'urar wurin. Ba ta da tulin takardun shaida, a bakin aiki ta koya, amma shekara bakwai ita ke share wa na'urar nan ƙura, har ta san kukan fankarta kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. A cikin wannan kwamfuta ƙwaya ɗaya ta yanka wa ɗalibai arba'in ƙananan kwamfutoci marasa jiki, kowa da tasa, kamar ɗakuna a gidan haya, kuma a ciki kowane ɗalibi ya tara aikinsa na shekara guda. Ranar da masu duba aikin za su zo da azahar, sai wuta ta ɗauke da hantsi. Aka tada janareta, na'ura ta tashi da kanta, amma manhajar da ake buɗe ɗakunan da ita ta kafe a kan magana ɗaya: an kasa haɗuwa. Shugaban makarantar ya rikice, bai ko dubi inda matar take ba, ya kira wani injiniya daga cikin gari, mai jaka a kafaɗa da Turanci a baki. Bawan Allah ya canja waya, ya kashe na'urar intanet ya kunna, ya jona wayarsa ta hannu, ya yi gumi sharkaf, allo yana nan a kan bakansa. Da abin ya ishe shi sai ya ce magani ɗaya ne, a goge a sake zubawa. Matar kuwa ta san in aka goge, aikin mutum arba'in ya bi ruwa. Ta matso ta ce wa shugaban, "Yallaɓai, a ba ni minti biyar kafin a goge." Injiniya ya yi murmushin raini. Ta dube shi ta ce, "Ɗakunan nan fa a cikin akwatin nan suke, ba a Legas ba. Me ya kawo intanet cikin maganar?"

Ta zauna, ba ta taɓa ko waya ɗaya ba. Ta fara buɗe rubutun da na'ura ke ajiyewa game da duk abin da ya same ta, ta bi shi layi-layi da yatsa. Ita ta san manhajar da ke kan allo 'yar saƙo ce kawai. Mai riƙe da makullan ɗakunan wata ƙaramar manhaja ce da ke aiki a ɓoye, kuma rubutun ya nuna ta tashi, ta nemi faifan ajiyar da ɗakunan ke ciki, ba ta same shi ba, ta koma ta kwanta. To, wannan faifan ita ta ɗaura shi da hannunta shekara huɗu da suka wuce, tsoho ne mai nauyin barci, sai ya yi minti guda yana miƙa kafin ya amsa. Duk ranar da ta kunna na'urar da kanta takan jira shi, amma yau na'ura ta tashi babu mai jira. Ta duba ta ga tsohon ya farka tuni, yana zaune lafiya lau da kayansa. Ta rubuta layi ɗaya ta tada mai makullan, ta danna haɗawa. Ɗakuna arba'in suka jeru a allo, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Ɗaliban da suka yi cirko-cirko a bakin taga suka kaure da kabbara da tafi. Ita ko ba ta ɗago ba sai da ta gyara tsarin, ta yadda daga ranar mai makullai za ta riƙa jiran faifai. Sannan ta miƙe ta gyara mayafinta, tana jin wani daɗi da ba ta damu ta ɓoye ba. Injiniya dai ɗan halak ne, ya jawo kujera ya ce, "Hajiya, don Allah nuna mini inda kika karanta." Shugaban kuwa ya rasa inda zai sa idonsa, sai sannu yake ta jera mata. Wallahi duk sanda na tuna matar nan sai in ji ina alfahari da wannan sana'a tamu.

Saboda haka koma ka karanta abin da na'urarka ta rubuta, kai ka haɗa ta, kai ka san halinta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.