Igiyoyin da Ba Sa Dawowa

Igiya ashirin da huɗu ta ɗaure akwatunan da su da safe. Da jirgin ya dawo, ko ɗaya babu a cikinsa.

Wata uku ke nan da ɗaukarta aiki a rumbun kayan sojan sama. Tun makon farko aka laƙaba mata Sikeli, don ko ƙwayar biskit ba ta shiga jirgin sai ta auna ta. Jirgin ba shi da matuƙi, ba kujera, ba taga, ciki ne kawai da fikafikai. A cika shi da magunguna da batura da abincin gwangwani, ya nufi wani ƙaramin sansani can bisa duwatsu, kafin la'asar ya dawo fayau. In ta gama ɗauri, sojoji kan ɗora wani ƙunshin koren yadi a kan kowane akwati. Sikeli takan ce a ranta, mutanen dutsen nan akwai cin tanti.

Rannan haushi ya ishe ta. Ta yagi takarda ta rubuta, "Ku ji tsoron Allah ku riƙa dawo mana da igiyoyinmu." Ta cusa a jakar fatar da ke bayan ƙofar jirgin.

Da yamma ta tarar da amsa, da ƙananan baƙaƙe a tsare: "Ranki ya daɗe, igiyoyin sun ga wuri mai iska, sun ce ba za su dawo ba."

Ta yi niyyar fushi, sai dariya ta riga shi fitowa.

Daga nan jakar ba ta sake tafiya ba komai ba. Ta tambaye shi sanyin dutse, ya ce shi zafi ya fi damunsa. Ta tambayi sunansa, ya ce sunan bai kai nauyin da za a auna ba. Wata rana ya rubuto, "Ki daina tsallake abincin rana," ta daɗe riƙe da takardar a ƙirji, tana mamakin yadda zuciya ke hango mutum daga nesa. Takardun duk warin baƙin mai suke yi. Ta ce Allah sarki, a gefen janareta yake rubutu.

Abu ɗaya ke ɓata mata rai. In jirgin ya sauka, doka ce ba mai matsawa kusa sai makaniken ya gama duba shi. Shi kuwa makaniken, Sifana kamar yadda kowa ke kiransa saboda sifanar kwance noti da ba ya rabuwa da ita, dogo ne mai sanyin jiki, tayoyin da ko ƙura babu sai ya zagaye su sau uku.

"Malam Sifana, yau ma a nan za mu kwana?" in ji ta daga bakin rumbu. "Ko bakin ma yana gareji ne?"

"Sannu da aiki," yake cewa, idonsa a ƙasa. Iyakarsa ke nan.

Shugabar rumbun, wadda suke kira Inna Saja, ta daɗe da gano zancen. "Ke 'yar nan, kin ma ga fuskarsa? In tsoho ne mai jikoki goma fa?"

"Inna, tsoho ba ya rubutu haka."

"To, Allah Ya kai damo..." Ta katse kanta da dariya. "Allah dai Ya nuna mana."

Sai ga umarni daga sama: za a rufe sansanin dutse, a rarraba mutanensa wurare daban-daban. Jirgin Alhamis shi ne na ƙarshe. Sikeli ta auna akwati ɗaya sau uku ba ta riƙe lambar ba. In Alhamis ta wuce, ba suna, ba fuska, ba inda za ta neme shi.

Ranar Laraba ta rubuta: "Gobe zan zauna a ɗakin da ake sarrafa jirgi. Akwai kyamara a saman ƙofar jirgin. In da gaske kake, in ka buɗe, ka ɗago kai ka ɗaga mini hannu."

Amsar gajera ce: "To. Amma kada ki yi dariya."

Inna Saja ce ta roƙar mata izini. Ta sa sabon mayafi, ta zauna bayan jami'in da ke gaban allo. Duwatsu suka bayyana, sannan 'yan rumfuna. Jirgin ya yi zagaye ɗaya. Cikinsa ya buɗe, akwatunan suka zube ɗaya bayan ɗaya da igiyoyinta a jikinsu, koren yadin nan ya baje a iska ya zama laima, suka sauka a hankali. Jirgin ya juyo gida.

"Yallaɓai, ba zai sauka ba?"

"A kan me? Tsinin dutse?" Jami'in ko waiwaye bai yi ba. "Ai bai taɓa sauka a can ba."

Ba ta tashi daga kujerar ba. Tana nan zaune har filin jirginsu ya dawo kan allon, har tayoyin suka taɓa ƙasa, har injin ya yi shiru.

Aka zagaye jirgin sau uku. Sannan ƙofar ta buɗe, wani dogo ya ɗago kai da ƙyar, ya mayar da sifanarsa aljihu, ya ɗaga mata hannu baƙi ƙirin da mai.