Ranar Da Na Daina Zagin Ƙarangiya

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana a Gagarawa ina 'yar shekara bakwai, rumbunmu ko zangarniya babu. Wata rana da la'asar kakata ta ɗauki ƙwarya da tsintsiya, ta ce in bi ta bayan gari. Ba mu yi nisa ba wani abu ya soke ni a dunduniya. Na fashe da kuka ina cewa, "Kaka, ƙaya! Allah ya tsine wa ƙaya!"

Ta zaunar da ni, ta kwanto matsefata daga bakin zanenta ta cire mini.

"Wace ƙayar, 'yar nan?" in ji ta. "Wadda ta soke ki tsidau ce. Waccan mai dogon tsini aduwa ce, ganyenta ana ci. Wannan da ta maƙale miki a zane ƙarangiya ce, ita muka zo ɗiba. Ki san sunan abu kafin ki tsine masa."

Muka sharo ƙarangiya cike da ƙwarya, yatsunmu duk jini. A gida ta sussuka ta sheƙe, sai ga 'yar tsaba. Kafin magariba muka sha kunu.

Yanzu jikokina ke zagin ƙarangiya. Ni kuwa in ta kama mini zane, a hankali nake cire ta, ina yi wa Kaka addu'a.