Jinin Gidan Haldermere

"Aubrey, ka bar takardar nan a rufe," in ji tsohuwar mahaifiyarsa. Karo na uku ke nan tana roƙonsa.

Ko kallonta bai yi ba. Shi ne Earl na goma sha ɗaya a gidan Haldermere, sarautar da ta shekara ɗari uku tana bin jinin maza, daga uba zuwa ɗa. Shekara ashirin zargi yana cin sa, cewa magajinsa Jasper ba ɗansa ba ne.

"Mama, son jika ya rufe miki ido. Ba zan bar wa ɗan wani kujerar kakannina ba. An gwada jinina da nasa, har da na Baffa Lionel, don a tantance asalin gidan. Lauya, karanta!"

Lauyan ya buɗe takardar, ya daɗe yana gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, zarginka gaskiya ne. Jasper ba ɗanka ba ne. Amma jininsa da na baffanka ɗaya ne. Ɗan gidan nan ne."

Piers, ƙanen Aubrey, ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya sunkuyar da kai. Aubrey ya miƙe yana hararar Piers.

"Da saura, ranka ya daɗe," in ji lauyan. "Naka jinin ne bai dace da na gidan nan ba."

Aubrey ya juya wajen mahaifiyarsa.

"Sau uku na roƙe ka," ta ce. "Ka ɗauka Jasper nake rufa wa asiri?"