Kukan Bazawara a Ƙetaren Kogi

Ruwan teku ya riga su isa bakin kogin. Yorleny ta tsaya da baƙinta masu yawon kallon tsuntsaye a kan ɗan tsibirin yashi, teku na ruri a bayansu, kogi ya cika ya batse a gabansu, kadoji suna shawagi inda ruwan biyu suka haɗu. Ba gaba, ba baya, sai ruwa ya janye da yamma.

Laifinta ne, ta kuma sani. Babanta, wanda ake kira Don Eladio, ba ya kuskuren lokacin cikar teku da janyewarsa, amma yau ba shi ne jagora ba, ita ce. Jiya ya ce mata zai bi kwalekwalen sassafe zuwa gari, ya sake roƙon mai masaukin baƙi kada ya sayar da dajin ga masu gonar kwakwar manja. Da ta tashi ba ya nan. Kofin gahawarsa na kan tebur, takalman robarsa da addarsa babu su a bakin ƙofa. Ta yi tsaki. Tsoho da rigima, ko gari zai je sai ya yi shigar daji.

Maganar mai masaukin ɗaya ce. Baƙi suna ƙetaro duniya ne saboda Bazawara, 'yar tsuntsuwar nan da ba a taɓa ganinta da miji ba, kuma an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba. In wannan ayarin ma ya koma hannu rabbana, daji ya zama na masu zarto. Ita kanta Yorleny ba ta taɓa jin tsuntsuwar da kunnenta ba. A bakin babanta ta koyi kukan, tun tana 'yar mitsitsiya.

Zafi ya sauko kamar an rufe tukunya. Sauro ya samu na banza. Mista Hendrik, dattijo ɗan ƙasar Holan, ya zauna rungume da na'urarsa ta ɗaukar sauti, fuskar nan ta yi jawur. Ovidio, tsohon da ke yi wa baƙi dakon kaya, ya kwance ƙunshin shinkafa da wake, ba wanda ya kalla.

Sai ga shi daga ƙetare, ya ratso rurin teku: fito siriri mai jan rai, ya hau, ya hau, sannan ya faɗo.

Yorleny ta ɗaga hannu, kowa ya daskare. Ta lashi leɓe ta mayar da kukan, yadda kowane jagora ke yi. Kafin ta rufe baki amsa ta zo, ta sake zuwa, ta kuma zuwa, ba ko numfasawa. Mista Hendrik ya kunna na'ura, hawaye na bin gemunsa.

“Kai, wannan zawarcin ya ishe ta,” Ovidio ya ce cikin raɗa. “'Yar Eladio, ƙara mata, ko ta fito ta ga angon.”

Saura kaɗan ta ƙara. Sai ta tuna dokar babanta, wadda ya sha maimaita mata har ta gundure ta: tsuntsun da ya amsa da gaggawa haka, sheƙarsa yake karewa. Ka ci gaba da kiransa, ya ɗauka kishiyar gida ce ta shigo, ya gudu ya bar ƙwai.

“Kawu, rufa mana asiri,” ta ce. “Kada wanda ya ƙara yin ko tari.”

Ta kwashe baƙin zuwa can ƙarshen yashin, ta zaunar da su cikin rana. Kukan bai daina ba. Ya yi ta zuwa, yana nema, yana roƙo, ita kuwa ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Bakinta na ƙaiƙayi, zuciyarta na zafi, amma ta daure. Rana ta raba tsaka, kukan ya fara sanyi. Ya koma jefi-jefi. Can ya ɗauke.

Duk da haka murna ta cika mata ciki. Ga sauti a na'ura, daji ya tsira, kuma ba ta karya doka ba. Har ta fara tsara yadda za ta ba tsohon labari, ta ja masa rai tukuna kafin ta kunna masa.

Da ruwa ya janye, ta bar baƙin a hannun Ovidio ta haye ita kaɗai, tana sanɗa, don ta shaida wurin sheƙar a killace shi. Ba ta yi nisa ba ta tarar da wata ƙatuwar bishiya da ruwan saman asuba ya kayar, saiwoyinta a sama. Ta ɗaga kai tana duban rassa. Ƙafarta ta bugi wani ƙarfe. Addar babanta ce. Ashe ba gari ya nufa ba.

A ƙarƙashin gungumen, takalmin roba ya leƙo. Gaba kaɗan ga Don Eladio kwance, icen ya danne masa ƙirji, leɓunansa sun tsage saboda fito. Ya buɗe ido da ƙyar, muryarsa ba ta fi numfashi ba.

“'Yata, ai kin amsa mini da safe. Me ya sa kika yi shiru?”