Shaidar Namadi

"Sakaci ne, Allah gafarta Malam!" in ji Namadi, yana huci gaban alƙalin Bagudo. "Sambo ya bar rijiyarsa ba murfi, bunsuruna ya faɗa ciki. Shi biya ni!"

Alƙali ya kurɓi ruwa, ya yatsina fuska. Kwanan nan ruwan randar kotu wani ƙarni yake yi masa.

Ya ce, "Wanda ya gina rijiya, rufe ta na wuyansa. To, ina mushen?"

Namadi ya washe baki. "Ai na hana a taɓa, kar shaida ta ɓace. Shina nan ciki tun ranar bikin 'yancin kai."

Alƙali ya leƙa moɗarsa, sai ga baƙin gashi yana yawo. Daga rijiyar Sambo ake cika randar kotu.