Gwangwanin Madarar da Ba Ya Ƙarewa

Duk ranar Talata, kafin a buɗe shagon gwamnati, Anti Gayu ta riga ta isa bakin ƙofa. Baƙin gilashi a ido, takunkumi a hanci, mayafi har gira. In ka gan ta sai ka zaci banki ta zo fasawa. Shinkafa ta zo saye.

Shagon nan ba abin ɓoyo ba ne. Gwamnati ce ta buɗe shi, ta ƙayyade farashi, ta ba gidajen masu ƙaramin ƙarfi kati. Ka nuna katinka, a sayar maka da shinkafa, mai, sukari, madara da sabulu da rahusa sosai. Gidan Anti kuwa katin nan ne ke riƙe da shi. Mijinta direba ne, motar da yake ja ta daɗe a gareji, ga yara uku masu ci kamar an aiko su.

Matsalar Anti ɗaya ce, leda. Kayan shagon a farar leda suke zuwa, da tambarin gwamnati ɓaro-ɓaro. Da ta lallaɓo gida ta ƙofar baya, sai ta juye komai cikin gwangwanayen kayan ƙasar waje da ta saya fanko a wurin mai gwangwani. Ta goge su, ta jera a kabad mai gilashi a tsakiyar falo. Ledar kuma ta cusa ƙarƙashin katifa.

Maƙwabciyarta mai ɗinki, wadda ke yi mata kaya, mace ce mai son sanin yadda abubuwa ke aiki.

"Anti, ni fa gwangwanin madarar nan yana ba ni mamaki," in ji ta wata rana. "Tun ina goyon autana nake ganinsa. Ga shi yaron har ya shiga makaranta."

"Ta waje ce," in ji Anti. "Auki gare ta. Ba za ki gane ba."

"Gaskiya ban gane ba." Ta juya gwangwanin, ta ƙare masa kallo, ta mayar da shi a hankali.

To, shagon yana da tsarinsa. Sau ɗaya a shekara ma'aikaciya kan bi gida-gida tana sabunta kati. Wanda ya ce ya samu sauƙi, a cire shi a sa wani, don masu jira sun fi masu kati yawa. An liƙa sanarwar a ƙofar shago, amma mai sauri da baƙin gilashi ba ta tsayawa karatu.

Ranar da ma'aikaciyar ta yi sallama, mai ɗinki na durƙushe a falo tana auna ƙugun Anti.

"Sannunku da gida. Nan ne gidan direba? Batun katin shagon gwamnati ne. Har yanzu kuna buƙatarsa?"

Anti ta dubi mai ɗinki. Ta dubi kabad. Sai ta yi 'yar dariyar nan ta hanci.

"Mu? Ayya, Malama. Baban yara ne ya karɓa don kada a ce ya raina gwamnati. Mu cikinmu bai saba da irin wannan shinkafar ba."

Mai ɗinki ta yi tari. Ta ja tef ɗin awo har sai da Anti ta ce wash.

"Ke, yi a hankali mana! Yadin nan ba na nan ba ne."

Ma'aikaciyar ta kalli gwangwanayen, ta ce Allah ya ƙara buɗi, ta miƙa takarda. Anti ko layi ɗaya ba ta karanta ba. Ta zuba sa hannu mai jela, wanda ta daɗe tana gwadawa a bayan littafin yara.

Talata ta zagayo. Anti ta miƙa kati, na'ura ta yi ƙara. Mai sayarwar kuwa mutum ne da Allah ya hore wa murya.

"An soke wannan, baiwar Allah! An rubuta matar gida ta ce cikinsu bai saba ba. An ba wani gida. Sai baɗi ki sake nema. Na gaba!"

Anti ta juya za ta fice. Wata ta dafa kafaɗarta. Mai ɗinki ce, da nata katin a hannu.

"Anti, zo ki zauna."

"Ke... ya aka yi kika gane ni?"

"Ni na ɗinka rigar da ke jikinki. Duk Talata ina bayanki, ina kallon zif ɗin da na sa. Na ga kina son ɓuya ne, shi ya sa na bar ki."

Kafin wata ya ƙare, gwangwanayen sun koma yadda aka sayo su. Kayan kasuwa sun fi ƙarfin gidan. Girki ya koma sau biyu, daga baya sau ɗaya. Ranar da 'yarsu ta tsakiya ta yanke jiki ta faɗi a makaranta saboda yunwa, direba ya ɗauko ta a kafaɗa ya kwantar da ita a falo. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe kabad, ya ɗauko gwangwanin madarar, ya girgiza, ya ajiye a gaban matarsa.

"Dama mata wannan," in ji shi. "Na ji an ce auki gare ta."

Da tsakar rana mai ɗinki ta shigo ta ƙofar gaba, ɗauke da abin da ta rage daga nata kason, a cikin farar leda, tambari a waje. Anti ta karɓa da hannu biyu. Ba ta leƙa ko wani na kallo ba.

Jama'a, karɓar abin da aka tanadar maka ba abin kunya ba ne. Wanda kake yi wa ƙaryar arziki ya daɗe da sanin halin da kake ciki, yaranka ne kawai za su ji ta a cikinsu.