Zuriyar Kyaftin Mahamudu

Gwaggo Zinariya ta je gidan ango Yussif a unguwar Mount Hope domin ta auna inda za a ajiye gadon amarya. Ba ta auna komai ba. A bangon falo ta ga hoton ubanta.

Farar kwat mai maɓallan ƙarfe, hula ta rufe goshi, teku a baya. Irinsa sak yana rataye a gidanta na Tremont, inda ta riƙe Tahiratu 'yar ƙaninta, wadda ita ce amaryar.

"Yussif, wane ne wannan?"

"Babana ne, Gwaggo. Kyaftin Mahamudu na Sakondi. Da tsufa ya haife ni."

Nata uban ma Mahamudu ne. Ya bar su a Kumasi tun zamanin Turawa, ya tafi Sakondi. Hoto kawai ya aiko, ba a sake ganinsa ba.

Da aka kai wa liman, bai ja magana ba. In mutum ɗaya ne, Yussif baffan Tahiratu ne, aure ya haramta. Ga shi an sayi shinkafa, an ɗinka anko, kuma Tahiratu ta kori maneman da ba sa ƙirguwa tana jiran wannan direban tasi.

A asibiti Tahiratu take aiki, sai ta ce a yi gwajin yawu mai nuna dangantakar jini. Gwaggo ta ce ba za a tofa wa Bature yawu a kwalba ya gaya mata ubanta ba. Ta kuwa yi daidai. Asali wurin manya ake tambayarsa.

Aka jera hotunan biyu a kan tebur. Duka sun dushe. A ɗaya hannun kwat ya rufe yatsu, a ɗaya bai kai wuyan hannu ba. Gwaggo ta ce iskar teku tana miƙar da mutum. Aka tambayi sunan jirgin, ba wanda ya sani. Yussif ya tuna babansa ko kwalekwale ba ya yarda ya shiga. Gwaggo ta ce ai ya gaji da ruwa ne.

Labari ya bazu a masallaci. Souley, mutumin Dosso mai sayar da turare a 125th Street, ya zo da hoton kakansa, shi ma kyaftin a Sakondi. Nasa yana da zane a kumatu. Bayansa wasu suka biyo, kowa da nasa a cikin leda. Aka yanke cewa Kyaftin mutum ne mai yawan aure da yawan canza suna, kamar yadda ma'aikatan jirgi suka saba.

Yussif ya wayi gari baffan rabin unguwa. Masu furfura suna durƙusa masa a bakin shago. Tahiratu ta daina cin abinci. In ya kira ta a waya, ba ta san da wane suna za ta amsa ba.

Daga ƙarshe aka ce akwai wata tsohuwa a Harlem, Maame Afua, wadda ta girma a bakin tashar jirgin Sakondi, tana jin Hausar zango. Gwaggo da Tahiratu da Yussif suka tafi.

Suna shiga, Tahiratu ta dafa ƙofa. Ga Kyaftin a saman talabijin, da kwat ɗinsa da tekunsa. Hawaye ya zubo mata. Yussif ya sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta karɓi hotunan biyu, ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"Maame," in ji Gwaggo, "ashe ke ma 'yar Kyaftin ce."

"Wane kyaftin? Babana mai ɗaukar hoto ne. Kwat ɗaya gare shi, hula ɗaya, da labule mai zanen teku. Duk baƙon da yake son a ce a gida ya zama wani abu, sai ya saka." Ta miƙa wa kowa nasa. "Naki Mahamudu Gajere ne mai goro. Naka, ɗana, Mahamudu Dogo ne mai gadi, ko gaisawa ba sa yi. Na saman talabijin kuwa ni ce."